Ranar da Aka Kwaikwayi Injiniya a Zaurenmu

Yanzu na fara cakuɗa sunayen jikokina, in kira wannan da sunan wancan, amma akwai wata Asabar da ba na jin tsufa zai iya goge mini ita. Ita ce ranar da aka tara ma'aikatan ƙanena a zauren gidanmu na Ƙofar Galadima don a faɗi aibinsa a gabansa, kuma ni na dafa abincin taron. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in ya faɗo mini a rai sai na ajiye abin da ke hannuna na yi dariya ni kaɗai, har a leƙo a ga ko lafiya.

Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta. Mahaifiyarmu ta rasu yana ƙarami, don haka a hannuna ya tashi. Ni a aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, shi kuwa ya yi ta tafiya har ya zama injiniyan ruwa. Da maigidana ya rasu na dawo gidanmu, na tarar da shi da matarsa, muka ci gaba da zama. Duk gari Injiniya ake ce masa. Ni dai Auta nake cewa, kuma ko ya yi furfura har gira ba zan canza ba.

Yana aiki a wani kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse da gyaran injinan famfo. Wata shekara shugaban sashensu ya yi ritaya, aka ba Auta riƙon kujerar, amma da sharaɗi: ba za a tabbatar masa ba sai ya yi wani kwas na wata shida da ake koya wa injiniyoyi shugabanci da yadda ake tafiyar da ma'aikata, ya kawo shaidar kammalawa. Manyan kamfanin sun ce sun yarda ya san ƙarfe, saura su ga ko ya san mutane. Duk ƙarshen mako sai ya ɗauki jaka ya tafi makaranta kamar ɗan sakandare, ya dawo mana da sababbin kalmomi. Har takarda ya taɓa liƙa mana a ƙofar madafi, ya zana akwatuna da kibiyoyi, wai tsarin wanda ke ƙarƙashin wa a gidan nan. Da aka karanta mini na ji ya sa ni a akwati na biyu, sai na cire takardar na kunna gawayi da ita. Bai sake liƙawa ba.

Kwas ya yi ta tafiya lafiya, jarrabawa duk yana cinyewa, sai da aka zo aikin ƙarshe. Malaminsu ya ba kowane ɗalibi fom ya kai wa waɗanda ke ƙarƙashinsa, su auna shi ba tare da sun sa suna ba. Tambayoyi ne irin su yana sauraron shawara, yana barin mutum ya yi aikinsa, yana amsa kuskure. Gaban kowace tambaya akwai gida biyar, daga na farko mai cewa sam bai iya ba, zuwa na biyar mai cewa babu kamarsa. Ma'aikatan Auta goma sha ɗaya ne. Fom goma sha ɗaya suka dawo, kowace tambaya gida na biyar, babu ko ɗaya da biro ya kauce.

Ranar ya shigo gida yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta. Ya ce, "Yaya, kin ga abin da nake gaya miki? Ilimi ke nan."

Na ce, "Allah ya sanya alheri." Amma a raina na ce akwai magana.

Mako na zagayowa ya dawo kafin la'asar, ko sallama bai yi da ƙarfi ba, ya zauna a bakin rijiya da takalminsa. Matarsa ta kawo abinci ya ce a rufe. Sai da na zauna kusa da shi na yi ta jan sa da hira kafin ya buɗe baki. Ashe malamin ya kira shi ofis, ya baje fom ɗin a tebur ya ce, "Injiniya, na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa ganin ɗan Adam da mutum goma sha ɗaya suka rasa aibinsa ko ɗaya ba. Ɗayan biyu ne: ko kai ka zauna ka cike su da hannunka, ko kuma tsoronka suke ji. Kowanne ne, ba zan sa hannu a shaidarka ba." Ya ba shi mako biyu ya kawo gaskiyar ra'ayin mutanensa. In bai kawo ba, zai rubuta wa kamfani cewa yana shakkar takardun.

To ka ji inda abin ya tsaya. Kujera za ta tafi, wannan da sauƙi. Amma a rubuta cewa ɗan gidan nan ya yi maguɗin takarda, a unguwar da kakanmu ya yi limanci, wannan ko bayan ransa sai an faɗa wa 'ya'yansa. Kuma wallahi bai cike ko ɗaya ba. Auta yana da halayensa, amma ba ya ƙarya.

Sai ya yi abin da ɗan boko zai yi. Ya buga sababbin fom, ya ƙara layi a ƙasa, ya tara ma'aikatan ya ba su umarni cewa dole kowa ya rubuta aibinsa guda ɗaya, wanda bai rubuta ba zai gamu da shi. Washegari ya kawo su gida yana karanta mana. Wani ya rubuta cewa aibin Oga shi ne ba ya hutawa. Wani ya ce haƙurinsa ya yi yawa. Wani bawan Allah ya ce babban laifinsa shi ne ya cika tsoron Allah. Matarsa ta shige ɗaki da gudu, na ji tana toshe baki da filo.

Ya ce, "Yaya, in na kai wa malam wannan ai korata zai yi daga ajin. To ni ya zan yi? Mutane suna ƙaunata, laifi ne?"

Nan ne fa na kasa haɗiye abin da na sani. Ɗakina bango ɗaya ne da zaure, kuma akwai wata 'yar taga can sama da aka yi don iska. Lungunmu mota ba ta shiga, don haka kullum da safe ma'aikatansa kan ajiye motar aiki a bakin titi su shigo zaure su jira shi ya shirya, ni kuma in aika musu da kunu. Ba leƙe nake yi ba, Allah ya sani. Ina zaune a kan dardumata ina lazimi, magana ce ke sauko mini ta taga da ƙafarta. Kuma Allah ya yi ni da kunne: in na ji magana sau ɗaya, zan maimaita ta da muryar mai ita, har inda ya yi tari. Wata da watanni ina jin mutanen nan suna sauke Auta suna ɗorawa, suna dariya har kunu na sarƙe su.

Na ce, "Auta, in gaya maka abin da suke faɗa?"

Ya ce, "Yaya, don Allah. Wannan harkar ilimi ce, ba hirar tsakar gida ba. Kuma malam daga bakinsu yake so, ba daga bakin 'yar'uwata ba."

Maganarsa ta biyu gaskiya ce, ta farko kuwa na ajiye masa ita.

Da safe na aika aka kira mini Baba Foman, dattijon da ke kan ma'aikatan a wurin aiki. Ya girme ni ma, kuma a hannunsa Auta ya fara koyon riƙe sifana lokacin yana ɗalibi. Ya tsuguna a ƙofar tsakar gida muka gaisa, na ce, "Baba, me ya sa kuka yi wa yaron nan haka? Kun san yabon nan naku ya jefa shi a rami?"

Ya ce, "Subhanallahi, Hajiya! Mu da muka rufa masa asiri?"

"To me ya hana ku rubuta abin da kuke faɗa a zaure?"

Dattijo ya dubi bangon ɗakina, ya hango tagar, ya ce, "Inna lillahi." Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Hajiya, ki duba mini. Shekara nawa ina shan kunun gidan nan? Sai in ɗauki biro in rubuta aibin ɗan gidan, takarda ta tafi hannun baƙon da ban sani ba? Abin da muke yi a zaure fitar da zafi ne, a nan yake mutuwa. Rubutu kuwa shaida ce, ranar gobe sai an tambaye ni."

Na ce, "Ai an ce ba a sa suna."

Ya ce, "Mu goma sha ɗaya ne fa. Ya san yadda kowannenmu ke karkata biro. Kuma yana tsaye a kanmu lokacin da muke cikewa, wai ko akwai wanda bai gane Turancin ba. Ni na fara yin alama a gida na biyar, yara suka leƙa nawa suka bi."

Na roƙe shi, na haɗa shi da zumunci, ya ce ko wuƙa zan sa masa ba zai iya duban Injiniya ya faɗa ba, balle ya rubuta. Ba taurin kai ba ne, kunya ce irin tamu ta cikin ganuwa, wadda aka shayar da mu da ita. Ya tafi ya bar ni da saura kwana tara.

Ina tsintar shinkafa dabara ta zo mini. A duk danginmu mutum ɗaya ne al'ada ta yarda ya tsaya gaban Auta ya faɗa masa duk abin da ya ga dama, ko a gaban surukansa ne, kuma in Auta ya yi fushi shi za a yi wa dariya. Shi ne taubashinmu, ɗan kawunmu, wani tela a Gyallesu, gajere mai tumbi wanda bakinsa ba ya rufuwa. Shi ɗan namiji ne, mu 'ya'yan mace, don haka tun muna yara bayinsa yake ce mana. Na ce a raina, mutanen nan ba za su iya faɗa ba, amma na san abu ɗaya da ba su iya riƙewa, don kullum ina jin sa ta taga. Dariya.

Na aika masa ya zo. Da na gama bayani sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah na gode maka da ka nuna mini wannan rana. Baiwata, ko ɗinkin Sallah nake yi sai na ajiye."

Kwana uku muna gwaji a ɗakina in Auta ya fita aiki. Ni nake ba shi magana da muryar da aka yi ta, shi kuma ya hau. In ya kauce in ce, "A'a, ba haka yake jan kalmar ba, ta hanci yake fitar da ita." Matar Auta ita ta ƙara mana da yadda yake tafiya da yadda yake duba agogo, kuma ita ta sato mana tsohuwar hular kwanonsa da rigar aiki mai sheƙi. Na lura yarinyar nan ta ba da gudummawa da zuciya ɗaya, fiye da yadda aka roƙe ta.

Saura malamin. Na ce wa Auta ya gayyato shi cin abinci tare da ma'aikatan, ya gani da idonsa. Auta ya yi murna, a zatonsa malam zai zo ya ga irin ƙaunar da ake masa. Ya kira shi, malam ya ce ba ya zuwa gidan ɗalibi. Na ce a ba ni wayar. Muna gaisawa na ji harshensa, na ce, "Dakta, kai Bakano ne ko?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Hajiya."

Na ce, "Shi ya sa. Yanzu Bakano ne zai koya wa Bazazzagi shugabanci? Ku da ko gaisuwa sai kun yi ciniki?"

Ya fashe da dariya ya ce, "Hajiya, ai taimakon ku muka zo yi. Me za ki ba ni in na zo? Kar dai ki ce fate."

Na ce, "Fate kuwa, kuma sai ka nemi ƙari. Ka zo da biro da takarda. Abin da fom ɗinka ya kasa tonowa, ni zan tono maka shi kafin la'asar. Ba sai kowa ya yi magana ba, kai dai ka dubi fuskokinsu."

Ya ce zai zo, amma a matsayin baƙo, bai yi alkawarin komai ba.

Asabar bayan azahar zaure ya cika. Ma'aikata sun sha manyan kaya, sun jeru jikin bango kamar masu zaman makoki. Dakta ya zauna a kan kilishi kusa da Auta. Ni kuwa na ja turmi na kife a ƙarƙashin taga na hau, karo na farko da na leƙa da ido, matar Auta tana riƙe da ƙafata. Aka ci fate, Bakano ya nemi ƙari kamar yadda na faɗa. Ya tambayi ma'aikatan yaya aiki da Injiniya, suka haɗa baki suka ce, "Alhamdu lillahi." Ya ce babu wata matsala? Suka ce, "Ko kaɗan, ranka ya daɗe." Auta ya gyara zama yana murmushi.

Sai aka ji gyaran murya daga waje. Tela ya shigo da hular kwano ta rufe masa ido, rigar sheƙi ta ƙi haɗuwa a tumbinsa, yana duba agogon da babu a hannunsa. Bai gaida kowa ba. Ya ce ta hanci, "Jama'a, mun makara, mun makara."

Auta ya ce, "Kai, meye haka? Muna da baƙo."

Tela ya ce, "Yi shiru, bawa ba ya magana ubangidansa na aiki." Ya juya ga Dakta ya ce, "Malam, taubashina ne, ka san dokar." Dakta ya ce ya sani sarai, ya zaro biro. Auta ya koma ya zauna, don ya san in ya tashi ya fita, labarin zai riga shi isa Gyallesu.

Tela ya ɗauki ludayin fate ya miƙa wa wani matashi cikin ma'aikatan ya ce, "Ungo sifana, ɗaure mini notin nan. Na ba ka aikin nan gaba ɗaya, na yarda da kai, haka aka koya mana a kwas." Yaron ya karɓa yana rarraba ido. Bai kai ga juya hannu ba tela ya fizge ludayin ya ce, "Kawo nan, kawo nan, ba haka ake yi ba!" Ya ɗaure notin iska da kansa, ya share gumi ya ce, "Ni kaɗai nake aiki a kamfanin nan."

Ina kallon kumatu goma sha ɗaya suna kumbura. Wani ya kafa ido a rufin ɗaki yana motsa baki kamar mai tasbihi. Direbansu ne ya fara fashewa, wata irin ƙara ta fito masa ta hanci kamar an taka agwagwa, shi ke nan bango ya rushe. Har da mai kifa kai a cinyar ɗan'uwansa. Dakta ya rubuta wani abu.

Auta ya ce, "Sau ɗaya na taɓa yin haka!" Dariyar ta ƙaru.

Tela ya wuce na biyu. Ya tara su taro, ya yi bayani da Turancin da shi kansa bai san ma'anarsa ba, sannan ya ce, "Ƙofata a buɗe take. Akwai mai tambaya? Akwai mai shawara?" Yana faɗa yana ja da baya, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sa a motar da babu, ya rufe ƙofa da bakinsa, garam, ya leƙo ta gilashi ya ce, "Madalla, tunda babu." Wannan karon har Dakta sai da ya cire tabarau ya goge ido. Tela ya yi na yadda Auta ke amsa gaisuwa yana latsa waya, da yadda yake ce wa mai zazzaɓi Allah ya sawwaƙe, gobe ƙarfe bakwai. Kowanne aka yi, zaure ya ɗauka. Sau ɗaya tela ya ƙara nasa gishirin, ya nuna wai Auta na zagin ma'aikata. Nan take dariya ta tsaya, direba ya ce, "A'a, wannan kam Oga ba ya yi." Na ga Dakta ya ɗago ya dube shi, ya rubuta wannan ma.

Sai aka zo kan wanda na yi kuskuren sakawa. Na ji labarin ta taga, amma ban auna nauyinsa ba. Wata rana a wani ƙauye, Baba Foman ya damƙi ƙasar da injin ya fito da ita, ya murza, ya ɗanɗana, ya ce ramin nan zai rufta in ba a sa bututu tun yanzu ba. Auta ya ba shi amsa a gaban yara. Ramin ya rufta, aka yi asarar kwana biyu, kuma maganar ba ta sake tashi ba. Tela ya tsuguna ya yi dattijon yana ɗanɗana ƙasa, sannan ya miƙe ya gyara hula ya ce ta hanci, "Baba, yanzu zamanin na'ura ne, ba zamanin lasar ƙasa ba."

Babu wanda ya yi dariya. Ko ɗaya. Yara suka sunkuyar da kai. Baba Foman ya kafa ido a kan tabarma yana jan zaren da ya fito. Tela ya tsaya da baki buɗe, ya ɗago ya dubi taga yana neman agaji. Na ce shi ke nan, na zo gyara na kunyata dattijo a gaban baƙo, na kuma kashe ƙanena.

Auta ya miƙe. Na ɗauka fita zai yi. Sai ya taka ya je gaban Baba Foman ya durƙusa, irin durƙuson da rabon da in ga ya yi tun yana ɗan makaranta. Ya ce, "Baba, haka na ce maka?"

Dattijo ya ce, "Ai ya wuce, Injiniya."

"Don Allah, Baba. Haka na ce?"

"Haka ka ce."

"A gaban yara?"

"A gabansu."

Auta ya ce, "Ka yafe mini. Kai ka koya mini aikin nan, kuma ranar kai ne da gaskiya." Can ya ce, "Amma Baba, me ya sa ba ka kira ni gefe ka gaya mini ba?"

Dattijo ya ɗago ya dube shi ya ce, "Na zo zan faɗa, ka riga ka shiga mota."

Wayyo Allah! Zauren nan kamar zai tsage. Auta kansa ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya yana share hawaye. Ni ma na saki jiki, na manta a kan turmi nake, na ce da ƙarfi, "Alhamdu lillahi!"

Kai goma sha huɗu suka ɗago suka dubi taga. Tela, da yake ɗan banza ne, ya ga dama ta samu. Ya ce, "Jama'a, ku daina ganin laifin bawan nan. Ga shugabar makarantar da ya fara yi can a sama." Ya yafa rigar sheƙi a ka kamar mayafi, ya miƙa wa direba ludayi ya ce da muryata, muryata sak, "Amarya, yau ke za ki tuƙa tuwo, ni na gaji." Kafin direba ya kama ya fizge ya ce, "Kawo nan, kawo nan, za ki yi mana gudaji!"

Wannan ba ya cikin abin da muka gwada. Na duba ƙasa, na ga wadda ke riƙe da ƙafata ta sake ni ta zauna tana dariya har da buga ƙasa. Nan na gane inda tela ya samo shi. Shekara takwas yarinyar nan tana gidan, ban taɓa bari ta gama tuƙa tuwo ba, kuma da za a ba ta fom, gida na biyar za ta yi mini.

Dakta ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, ko ke ma in kawo miki fom ɗin?"

Na ce, "Bakano, ka ci fatena ka kuma ci mutuncina?"

Ya aika aka ɗauko sababbin fom daga motarsa, ya ce Auta ya shiga cikin gida. Baba Foman ya ɗauki biro, ya yi bisimilla, ya yi alama a gida na biyu a tambayar sauraro. Yara suka leƙa, kowa ya nufi gida na biyu. Dakta ya ce, "A'a, ba za a sake ba!" Ya raba su, wannan ya fuskanci gabas, wancan yamma, uku ya tura lungu, direba ya cike nasa a kan murfin kwata. Fom suka dawo a hargitse, wani biyu, wani huɗu, wani uku. A tambayar gaskiya da riƙon amana kuwa, ba wanda ya leƙa na wani, amma duk biyar suka ba shi.

Kafin Dakta ya tafi ya tsaya a ƙofar tsakar gida ya ce wa Auta, ina ji, "Na janye zargina, ka yi haƙuri. Ka rubuto mini abu uku da za ka gyara, da yadda za ka san ka gyara, in sa hannu." Bayan wata ɗaya aka ba shi shaidarsa, kamfani ya tabbatar masa da kujera. Ban taɓa ganin mutumin da ya yi murna da an rage masa maki kamar Auta ba. Ba zan ce ya zama waliyyi ba, har yanzu hannunsa kan yi ƙaiƙayi in ya ga sifana a hannun wani, amma an ce yanzu aljihu yake cusa shi ya juya baya.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in kana sama da mutane, shirunsu ba yarda ba ce, yabonsu ma ba shaida ba ce. Mutanenmu ba sa rasa gaskiya, hanyar da za su faɗe ta ba tare da sun ji kunya ba suke rasawa, kuma aikin babba ne ya nemo musu ita, ba ya ba su umarni ba. Na biyu kuma, wanda ya fi shiga jikina: duk wanda ya shirya wa wani zaman jin gaskiya, ya tanadi tabarmar da shi ma zai zauna. Yanzu matar Auta ke tuƙa tuwon gidan nan daga farko har ƙarshe, ni ina ɗaki na zauna a kan hannuwana. Wani lokaci akwai gudaji. Nakan tauna shi in haɗiye, in ce mata Allah ya yi albarka.